Masu koyon gitar, ku saurari kanku kafin ku nemi a saurare ku

Da wuya mako ya ƙare a gidan radiyon da nake aiki ba tare da wani saurayi ya yi sallama a bakin ƙofa ba, riƙe da salula ko katin memwar, yana cewa: "Babban yaya, ga ɗan kiɗan gitar da na ɗauka a gida, don Allah a saka mani a filin matasa." In na tambaye shi yaushe ya fara koyo, sai ya ce wata 3 ko 4. In kuma na tambaye shi sau nawa ya zauna ya saurari abin da ya ɗauka tun daga farko har ƙarshe, sai ya yi ƴar dariya ya sunkuyar da kai. Galibinsu da zarar sun ɗauka sai turawa: ƴan fadarsu sun ji, abokai na WhatsApp sun ji, mai kiɗan ne kaɗai bai ji ba.

Wannan shi ne dalilin rubutuna na yau. A ganina, na'urar ɗaukar sauti da ke cikin aljihun kowane matashi ita ce malamin gitar mafi araha da muka taɓa samu a ƙasar nan, amma mun mayar da ita sanƙira, tana yawon shela tun kafin a sami abin da za a shelanta.

Ba daga nesa nake magana ba. Ni ma da girmana na sayi wata tsohuwar gitar hannun wani ɗalibi da ya gama karatu zai koma garinsu. Ba don in yi waƙa a gidan biki ba, don dai in riƙa sauke gajiya bayan aiki. Na yi watanni ina fama, kan yatsuna suka yi zafi har suka yi kanta, na fara jin cewa hannuna ya faɗa. Ran nan sai na ajiye rakodar aiki a gabana na kaɗa na minti 5. Da na saurara washegari sai kunya ta kama ni, alhali ni kaɗai ne cikin ɗakin. Duk inda kiɗan yake da sauƙi gudu nake yi, duk inda zan canza yatsu sai in ɗan tsaya kamar mai tsallake kwata, tsirkiya ɗaya kuwa tun daga farko ba ta zauna daidai ba. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da na ji a lokacin da nake kaɗawa.

Duk wanda ya yi aikin radiyo ya san wannan ciwon. Ranar farko da aka sako maka muryarka sai ka rantse ba taka ba ce. Haka ma mai kiɗa: yayin da yake kaɗawa hankalinsa yana kan yatsunsa, kunnensa kuma yana jiye masa abin da ya yi niyya, ba abin da ya fito ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. To, rakoda ita ce ke sauko da kai daga kan tudun ka tsaya gefe ka dube shi. Ba ta jin nauyinka kamar aboki, ba ta kuma yi maka ba'a kamar maƙiyi.

A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya, amma yaron da ke Tasawa ko Ɓirnin Ƙonni ko wani ƙauye na Damagaram, wa zai zaunar da shi ya gyara masa hannu? Zai iya kallon darasi a YouTube in ya sami kuɗin intanet, sai dai mai darasin ba ya jin sa, balle ya ce masa ga inda ya kuskure. Wannan gurbin ne ɗaukar sauti a gida ke cikewa.

Na san amsar da samari ke ba ni. Sukan ce: "Ai Mdou Moctar ta salula duniya ta san shi." Gaskiya ne. Wannan ɗan jihar Tawa da kansa ya harhaɗa gitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, waƙoƙin suka yi ta yawo daga salula zuwa salula ta Bluetooth da katin memwar, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ci karo da su, ya sa ɗaya cikin wani faifai da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. Haka ma Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad kusa da Abalak, da gitar ɗan'uwanta ta koya wa kanta, kuma faifan farko na ƙungiyarta da ya fito a 2016 a ƙauyen aka ɗauke shi, a fili. Kafin su, a shekarun 1990, waƙoƙin marigayi Abdallah Oumbadougou a kaset suka riƙa bin hannu-hannu cikin Sahara. Bombino na Agadas kuwa shi ne ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa takarar kyautar Grammy, a bikin 2019.

To amma a duba labarin da kyau. Salula ba ita ta koya wa Mdou Moctar kiɗa ba, dakon abin da ya riga ya nuna ta yi. Abin da ba mu gani ba shi ne shekarun da waɗannan mutane suka yi suna maimaita abu ɗaya babu mai tafa masu. Yaro ya ga ƙarshen labari sai ya so ya fara daga nan. Ɗanyen kasko kuwa ba ya kai ruwa ban ɗaki. Na ga samari da yawa da suka tura kiɗansu na watan farko, aka yi masu dariya a fada, suka jingine gitar har yau ba su sake taɓa ta ba. Na ga kuma waɗanda abokai suka yi ta zuga su da "kai gwani ne", suka tsaya nan inda suke. Dariyar da zugar duk abu guda suka haifar: koyo ya tsaya.

Saboda haka ga shawarata ga mai koyo, daga abin da aikin radiyo ya koya mani. Da fari, saita tsirkiyoyin nan 6 kafin ka danna komai: mi, la, re, sol, si, mi, daga mai kauri zuwa siririya. Akwai manhajojin kyauta da ke nuna maka in tsirkiya ta zauna. Zafi da hunturu suna motsa katako, don haka saitin jiya ba ya yi maka aikin yau, kuma kada a bar gitar cikin rana ko jingine da bango mai zafi.

Na biyu, zaɓi ɗaki. Ɗakin siminti mai rufin kwano wanda babu kaya cikinsa amsa-kuwwa yake yi, sautin ya cakuɗe. Ɗakin ƙasa mai tabarma da katifa da labule ya fi shi nesa ba kusa ba. Kashe fanka, rufe layin kira don kada a katse ka. Ajiye salula kamar tsawon hannu daga gare ka, ta fuskanci inda wuyan gitar ya haɗu da cikinta. In ka manna ta a bakin ramin, gunji kawai za ka ɗauka.

Na uku, kafin ka fara kaɗawa faɗi kwanan wata da abin da kake koyo, kamar yadda muke yi kafin hira. Ɗauki abu ɗaya gajere, minti 2 ko 3 sun isa. Kada ka tsaya in ka yi kuskure, kada kuma ka goge, domin kuskuren shi ake nema. In kana da manhajar da ke ƙirga bugu, sa ta a 60 cikin minti ka bi ta sannu. Nan za ka gane ko kai mai gudu ne irina.

Na huɗu, kada ka saurara nan take. Bari sai washegari, gitar tana rataye, hannunka babu komai sai biro da takarda. Rubuta gyara ɗaya tak, ka yi mako kana aiki a kansa. Wanda ya rubuta goma ba ya gyara ko ɗaya.

Na biyar, adana. Zamanin kaset sai mutum ya goge na jiya kafin ya ɗauki na yau, ga kuɗin batir. Yanzu minti guda na MP3 bai wuce kimanin mega 1 ba, ke nan giga 1 zai ɗauki sama da awa 15. Ranar da ka ji kamar ba ka ci gaba, kuma ranar za ta zo, koma ka saurari na wata 6 da suka wuce. Ni dai wannan ne ya hana ni sayar da tawa.

Akwai kuma maganar da ya kamata in yi da iyaye, tunda ni ma uba ne. A al'adarmu kiɗa gado ne, yana da gidajensa, kuma da yawa cikinmu in sun ga gitar a hannun ɗansu roƙo da yawon dare ke faɗo masu a rai. Wannan tsoron ba na banza ba ne, kuma ni ba malami ba ne balle in yi fatawa. Kowane gida ya san abin da ya yarda da shi. Abin da kawai nake cewa, a rarrabe tsakanin sana'a da sha'awa. Duk yamma filayenmu cike suke da masu buga ƙwallo, babu wanda ke tuhumar su don ba za su shiga Mena ba. Mafi yawan masu koyon gitar ba za su taɓa cin ko dala da ita ba, kuma wannan ba hasara ba ce. Yaron da ya iya zama rabin awa kullum a kan abu mai wuya, ya saurari kuskurensa da kunnensa ba tare da ya ɗora wa wani laifi ba, ya dawo gobe ya gyara, ya koyi abin da manya da yawa ba su iya ba. Kuma a cikin gida yake yi, inda idonku ke kansa.

Su ma samari akwai haƙƙi a kansu. In an kira salla a ajiye. In dare ya yi a tuna da maƙwabta, akwai marar lafiya, akwai mai jego. Kada gitar ta ci lokacin lakwal ko na gona ko na shago. Wanda ya kiyaye waɗannan ya sauƙaƙa wa na bayansa.

Mu ma ma'aikatan radiyon karkara sai mu gyara. Wani lokaci mukan saka kiɗan yaro don kunyar iyayensa, wani lokaci mu karɓi katin mu jefa cikin durowa mu ce ya dawo jibi, jibin da ba ta zuwa. Duka biyun cuta ce. Abin da nake yi yanzu shi ne in zaunar da shi, mu saurara tare, in yi shiru. Ba a kai rabi sai ka ji ya ce: "Tsaya, nan na yi gudu." Daga nan sai in ce ya je ya dawo bayan wata 3 da tsohon ɗauka da sabo. Ba duka ke dawowa ba. Amma waɗanda suka dawo, ba ni nake ce masu sun ci gaba ba, su ke ji da kansu, kuma a ranar nakan saka kiɗan da farin ciki.

Ƙofar radiyo ba ta rufe ba, ƙannena, kuma ba gudu take yi ba. Ku ɗauka, ku saurara, ku gyara, sannan ku kawo. Allah ya sa mu dace, amin.