Lamba Ɗaya Ta Cinye Muƙamin Liman, Ku Kuma Kuna Cewa A Bar Wa Allah

Tun da aka ji a Kalfu cewa ni da ɗan kawuna mun ɗauki takardun marigayi Liman mun nufi Tawa, babu irin maganar da ba ta iso kunnena ba. Wani ya ce kwaɗayi ne. Wani ya ce muna tayar wa mamaci da hankali a kabarinsa. Wani dattijo da nake jin nauyinsa ya tare ni bayan sallar La'asar, ya ce: "Mushe, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana jan sallah, ina ruwansa da igiyar soja? Ku bar wa Allah." Na sunkuyar da kai na ce, "To, Baba." Amma ban bari ba, kuma ba zan bari ba. Abin da kunya ta hana ni faɗa masa a ƙofar masallaci, shi zan faɗa a nan, domin maganar ta shafe mu duka, malaman makaranta da iyayen yara.

Kawuna soja ne. Ya yi karatun allo a nan gida, ya sauke, ya yi na littattafai a zaurukan Tawa, sannan ya shiga soja yana saurayi. Da manyansa suka ga yana da karatu, sai suka riƙa tura shi gaba in lokacin sallah ya yi, har ya zama shi ne limamin masallacin bariki. Bai ajiye kaki ba. Shi ke ɗaura aure, shi ke raɗa suna, shi ke wanke gawar wanda aka kawo daga daji, kuma sau da yawa shi ake turawa ya je ya tsaya a ƙofar gida ya gaya wa mace cewa mijinta ba zai dawo ba. A hankali ya hau har sarjan-shef, daga nan aka yi masa ajidan, muƙamin da ke sama da shi.

Ga inda aka yi ɓarnar. An yi masa ajidan a shekarar da lambarta ta ƙarshe 1 ce. Duk wanda ya yi lakwal a ƙasar nan ya san yadda muke rubuta 1 da doguwar jela a gaba, irin rubutun Faransa, har takan yi kama da 7. Wani magatakarda ya zo kwafe takardar, ya karanta 7. Kawu kuwa ya yi ritaya a shekarar da ta ƙare da 4. Da dosiyen ya isa hannun magatakarda na biyu, sai ya ga ƙarin girma ya zo shekara uku bayan mutum ya bar aiki. Maimakon ya tambaya, sai ya yanke hukunci shi kaɗai cewa muƙamin ne kuskure, ya soke ajidan, ya mayar da shi sarjan-shef. A kan wannan aka lissafa masa fansho.

Kawu ya sani. Ya je ofis sau ɗaya, aka ce ya dawo, bai koma ba. Da na tambaye shi, cewa ya yi: "Ɗana, ni liman ne. Kunya nake ji a gan ni ina zarya a ofis saboda kuɗi." Bara Allah ya yi masa rasuwa. Ya bar mata da yara uku, autar tana koleji. Rabon da ake bai wa matar mamaci daga fanshon mijinta ake cire shi, saboda haka kuskuren bai bi shi kabari ba. Yana nan cikin tukunyar Inna, yana rage mata tsaba duk lokacin biya.

Da muka buɗe akwatinsa na ƙarfe, a ƙarƙashin littattafai muka tarar da kwafin takardar ƙarin girman, ta yi ja saboda daɗewa, amma 1 ɗin yana nan raɗau. Muka kuma tarar da wani littafi da ya cika da hannunsa da ajami: kowace gawa da ya yi wa sallah, sunanta, sunan uba, garinsu, rana da wata da shekara, na Hijira da na Nasara. Mutumin da bai taɓa kuskuren ranar rasuwar ɗan wani ba, shi aka kasa rubuta masa shekara ɗaya daidai.

To, bari in ɗauki maganganun ɗaya bayan ɗaya.

Masu cewa malami ba ya neman muƙami, ina so su gaya mini inda suka karanta cewa rubuta gaskiya son duniya ne. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, da wajibin marubuci ya rubuta da adalci. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi shi ya kafa diwani, rajistar mayaƙa, aka rubuta sunan kowa da rabonsa, aka fifita waɗanda suka riga shiga Musulunci da waɗanda suka halarci Badar. Ke nan wa ya riga wa, a rubuce yake, kuma a kansa ake biya. A zamaninsa ne aka tsayar da ƙidayar shekarun Hijira, kuma daga cikin dalilan da malaman tarihi suka kawo akwai takardar bashi da aka rubuta mata wata ba a rubuta shekara ba. Idan Umar bai raina kwanan wata ba, wane ne ni, wane ne kai?

Masu cewa ai ya yafe, gaskiya ne, ya yafe nasa, Allah ya saka masa. Amma mutum ba ya yafe abin da ba nasa ba. Abin da ya rage yanzu haƙƙin matarsa ne da marayunsa. Mu da muke yi wa mutane wa'azi kan cin dukiyar maraya, me ya sa in alƙalami ne ya ci sai mu ce ƙaddara? Da wani ya shiga rumbun Inna ya ɗebi damin hatsi duk wata, da gari ya ɗauka. Don ɓarawon lamba ce a kan takarda, sai aka ce mu ne marasa tawakkali.

Masu cewa ƙasa na cikin yaƙi, ba lokacin takarda ba ne, su ne suka fi ba ni mamaki. Mu a jihar Tawa ba labari ake ba mu ba. Mun san abin da ya faru a yankin Tillia a watan Maris na 2021, inda aka kashe farar hula 137 bisa ƙidayar gwamnati, kuma mun san ƴaƴanmu nawa ne ke kwana a daji da bindiga tun daga lokacin. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da dosiye. Ranar da ya faɗi, matarsa ba ta da abin dogaro sai abin da aka rubuta a ciki. Sojan da ya ga an yi wa limaminsa haka, me zai zata za a yi wa nasa iyalin? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Masu cewa lokaci ya wuce kuma, ga labarin wani limamin soja a Amurka, ko da yake shi na Kirista ne. Henry Plummer an haife shi bawa a jihar Maryland a 1844, ya tsere a 1862, ya yi aikin sojan ruwa a yaƙin basasarsu. A 1884 aka naɗa shi malamin addini na runduna ta tara ta mahaya dawaki, rundunar baƙaƙen fata. A 1894, a sansanin Fort Robinson, kotun soja ta kama shi da laifin halin da bai dace da hafsa ba, a kan zargin shan giya tare da ƙananan sojoji, aka kore shi korar wulaƙanci. Ya yi ta neman a sake duba maganar har ya mutu a 1905. Zuriyarsa ba su ce a bar wa Allah su koma su kwanta ba. A 2005 rundunar sojan Amurka ta gyara takardarsa ta koma sallama ta mutunci, shekara 111 bayan korar. Abin lura shi ne sun sami ƙofar da za su ƙwanƙwasa: tun 1946 dokar ƙasarsu ta tanadi hukumomi na musamman da aikinsu shi ne gyara kuskure ko zalunci a takardun soja.

Ba sai mun je Amurka ba ma. Kakanninmu ƴan mazan jiya da suka yi wa Faransa yaƙi, wata doka ta watan Disamba 1959 ta daskarar da fanshonsu, na takwarorinsu Faransawa yana ta hawa, nasu yana tsaye. Wani tsohon sarjan-shef ɗan Senegal, Amadou Diop, shi ya kai ƙara. Babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta ba shi gaskiya ranar 30 ga Nuwamba 2001, bayan ya riga ya rasu, kuma sai a farkon 2011 aka daidaita fanshon gaba ɗaya. Da shi ma ya ji kunyar zarya a ofis, da tsofaffi da yawa a Adar sun mutu ba su ga ƙarin ko dala ɗaya ba.

Yanzu bari in juyo kanmu, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Magatakardan da ya soke muƙamin kawuna ba daga sama ya faɗo ba. A ajinmu ya zauna. Mu muka koya masa cewa kwanan wata abu ne da ake ja kamar roba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ni kaina, lokacin da nake riƙe da makaranta, na taɓa rage wa yara shekaru don kada a ce sun wuce lokacin jarrabawa. Uba ya zo da goro ya ce, "Mushe, a taimaka," ni kuma na ga taimako ne. Nawa ne a cikinmu takardarsu ta ce an haife su "wajajen" shekara kaza? Nawa ne aka liƙa musu 1 ga Janairu, kamar duk matan Adar rana ɗaya suke naƙuda? Yaro Mahamadou ne a takardar haihuwa, Mamadou a rajistar aji, Mahaman a takardar BEPC. Ranar da zai nemi shiga soja ko aikin malanta, sai a ce masa waɗannan mutum uku ne, ya je ya kawo ɗaya. Uwar ta sayar da akuya, uban ya aiko da kuɗin cin rani daga Abidjan, a yi ta hawa mota ana sauka saboda harafi biyu da wani mushe ya yi ƙyuyar dubawa.

Yaron da ya ga malaminsa ya canza masa shekarar haihuwa da biro ja, ya riga ya sami darasin da ya fi na lissafi zama a kansa. In ya girma ya hau kujerar ofis, ba zai ji komai ba don ya mayar da 1 ta zama 7.

Saboda haka, ƴan'uwa malamai, kafin ku aika jerin sunayen masu jarrabawa, ku kira kowane yaro da takardar haihuwarsa a hannu, ku karanta harafi harafi, lamba lamba. Uban da ya zo neman ragin shekara, ku ba shi haƙuri, ku gaya masa bashi ne yake ci wa ɗansa. Iyaye, ku yi wa jariri takarda a kan lokaci, ku tsayar da rubutun suna guda ɗaya, ku ajiye ta asali inda gara da ruwan damina ba za su kai ba, kwafi kawai za a riƙa yawo da shi. Wanda ke da ɗa ko miji a soja, ya ce masa duk takardar ƙarin girma da ta fito a aiko da kwafinta gida, kuma ya nemi ganin dosiyensa tun yana cikin kaki, tun waɗanda suka san shi suna kan kujera. Su kuma hukumomi, abin da muke roƙo bai taka kara ya karya ba: ƙofa guda sananniya ta gyaran takardu, a ba mai kuka shaidar cewa an karɓi kukansa, a yanke masa ranar amsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Maganar kawu har yanzu ba ta ƙare ba. Mun je sau huɗu. A zuwa na uku muka dace da wani ma'aikaci mai tsoron Allah, ya ɗora takardarmu kusa da tasu, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wallahi 1 ce." Ya karɓa, ya buga hatimi, ya ce za a aika Yamai. Muna jira. Inna ta ce in an gyara, abin farko da za ta yi shi ne ta biya wa auta kuɗin littattafai ba tare da ta je gidan kowa ba.

Baba, da ka ce mu bar wa Allah, ai mun bar masa. Mun bar masa magatakarda na farko da na biyu, ba mu nemi sunan kowa ba, ba mu kai ƙarar kowa ba. Lamba ɗaya kawai muke so a mayar inda take.