Wa Zai Ɗauki Nauyin Malamar 'Yan Ƙanana?

Makon nan ina so mu tattauna a kan ajin nan na 'yan ƙanana, wanda a ke kira ajin share fage, da kuma wadda ya kamata ta tsaya a gabansa. Kowace uwa a Gumel, ko Maigatari, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar ta san yaran da na ke nufi. Su ne 'yan shekara huɗu zuwa biyar, masu bin yayyensu da safe, wani da takalmi a hannu, wata da ɗan ƙulli-ƙuli a ƙulle a bakin zane.

Wannan aji ba alfarma ba ne. Dokar ba da ilmi ga kowa ta 2004 ta sa rainon ƙananan yara cikin ilmin tushe. Tsarin ilmi na ƙasa da aka sabunta a 2013 kuwa ya ware shekara guda kafin aji ɗaya, ya kuma ce yara 25 su ne rabon malami guda. To, ke uwar gida, in kin sami sukuni ki leƙa makarantar unguwarku ki ƙirga kawuna, sa'an nan ki tambaya wa ke riƙe da ajin. Sau da yawa sai an gama raba manyan azuzuwa tukuna, wanda ya rage a ce ya je ya zauna da yaran. Wani wurin ma wata 'yar aji shida a ke ba tsumagiya, a ce ta hana su surutu.

Mutane suna tsammani aikin nan kowa ya iya shi, wai ai raino ne kawai. Ba haka ba ne. Malamar da aka hora ta san yadda za ta koya wa yaro riƙe alli tun hannunsa bai ƙware ba. Ta san ƙidaya da tsakuwa da 'ya'yan tsamiya ta fi shiga kan ɗan shekara huɗu bisa ga rubutun allo. Ta san abin da za ta ciro daga tatsuniya ɗaya, har yara su koyi sababbin kalmomi ba su ma san karatu su ke yi ba. Ita ce za ta lura cewa yaron nan da a ke ce wa mai taurin kai, ashe kunnensa ne ba ya ji sosai, ta aika a gaya wa uwarsa tun da wuri. A ƙasarmu nan kuwa akwai wani abu kuma: yaro ya fito daga ruga da Fillanci a bakinsa, wani daga gidan da a ke jin Manganci, ga Hausa, ga Turanci yana jiransu gaba. In ba a sami mai haƙuri da sanin hanya ba, sai yaro ya tsani makaranta tun makon farko, kuma da wuya ya sāke sonta. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Har wa yau, ku da kanku kun sani, uwa ta fi sakin jiki ta saki 'yarta in ta ji mace ce a ajin.

Wurin koyon aikin bai yi mana nisa ba. Kwalejin horon malamai ta Gumel tana nan tun 1976, tun muna cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991. Shekara uku a ke yi a sami takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙanƙantar shaidar da a ke nema ga malamin firamare, kuma cikin fannonin NCE akwai na rainon ƙananan yara da koyar da su. Amma kusa da ido ba kusa da aljihu ba ne. Mu da muka yi karatun mun san kuɗin rajista ba shi ne babban nauyi ba. Nauyin shi ne na kullum: abinci, da sabulu, da kuɗin mota, da takardun darasi, da watannin gwajin koyarwa, sa'ad da za a tura ki wata makaranta ki ci da kanki. Uba mai jiran kuɗin riɗi ko zoɓo sau ɗaya a shekara, ga bakuna goma a gida, in ya ce ba zai iya ba, ba ƙin ilmi ya yi ba. Nan ne yarinya mai ƙwazo ta ke tsayawa, ba don kanta ya gaza ba.

Iyayenmu da suka yi makarantun horon malamai a zamanin UPE, wajen 1976, suna ba da labari cewa ci da kwana duk na Gwamnati ne, har da ɗan kuɗin kashewa. Wancan zamani ya wuce. Abin da ya rage shi ne sikolashif, watau kuɗin taimakon karatu, kuma iri-iri ne, ya kamata ku san bambancinsu.

Wanda ya fi dacewa da maganarmu shi ne wanda aka fara a 2008 a jihohin Bauchi, da Katsina, da Neja, da Sakkwato, daga baya Zamfara ta shiga. Gwamnatocin jihohin da ƙananan hukumomi ne suka haɗa hannu da UNICEF, da taimakon Ingila. Dabarar mai kyau ce ƙwarai. A wancan lokacin, sai a ɗauki yarinya daga ƙauyen da ba shi da malama mace, a kai ta kwaleji, a riƙa ba ta naira 50,000 a shekara, bisa sharaɗin in ta gama ta koma ƙauye ta koyar shekara biyu. Ai kuwa mai tunani ne ya tsara wannan, gama malamar da aka kawo daga birni ba ta daɗewa a ƙauye, amma 'yar gari tana da ɗakin kwana, tana da dangi, kowa ya san uwarta.

Duk da haka, binciken da aka yi a kan shirin a 2014 ya nuna inda ya yi ɗingishi, kuma ina so mu tsaya nan kaɗan. Kuɗin sukan makara, alhali cikin mai karatu ba ya jiran sa hannun ofis. Da yawa cikin 'yan matan sun zo da raunin Turanci daga makarantun ƙauye, sai darussa suka yi musu nauyi, suka kasa gamawa a kan lokaci. Waɗansu kuma sun gama, amma takardar ɗaukar aiki ba ta fito ba. Abin da na gani a nan shi ne, biyan kuɗi kaɗai bai isa ba. Duk mai niyyar ɗaukar nauyin yarinya, Gwamnati ce ko mutum ɗaya, sai ya biya a kan kari, ya samar mata mai yi mata bita, ya kuma tabbata akwai aji yana jiranta. In ba haka ba an yi shuka a idon makwarwa.

Akwai kuma na Gwamnatin Tarayya. A watan Oktoba na 2021 aka yi shelar za a riƙa ba ɗaliban NCE naira 50,000 kowane zangon karatu, masu digirin koyarwa kuwa 75,000. Shela daban, kuɗi a hannu daban, saboda haka kada wata ta ɗora tukunya a kan wannan sai ta tambayi ofishin ɗalibai na kwalejinta abin da ke akwai a shekarar da ta shiga. Jiharmu ma tana da hukumar ba da sikolashif ga 'yan asalinta. Sai kuma asusun NELFUND da aka buɗe a 2024. Wannan ku ji da kyau: rance ne, ba kyauta ba. Ba shi da ruwa, amma za a biya bayan an fara aiki. Ban ce kada a ci ba, sai dai a zauna da iyaye a yi shawara, a san abin da aka sa wa hannu.

To, in duk waɗannan ba su isa ba fa? Bari in ɗan kai ku nesa. A Amurka, Yahudawa suna da makarantun 'yan ƙanana nasu, inda yaro ke fara jin harshen Ibrananci da al'adun gidansu. Da suka ga masu aikin suna ƙaranci, gama albashinsa kaɗan ne a can ma, sai masu hali cikinsu suka kafa gidauniyoyi suna biyan kuɗin horon malaman. Ba su jira kowa ba. Mu kuwa ba baƙin wannan ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta hori jajinta, ta naɗa musu malfa, ta tura su ƙauyuka su koyar da mata 'yan'uwansu. Ba hukumar waje ce ta ba ta kuɗi ba.

Saboda haka ina tambaya: unguwar da ke iya haɗa gudummawar biki, a cika ɗaki da kwanuka da katifa, ba za ta iya ciyar da yarinya guda shekara uku ba? Matan da ke zubin adashi su ware kwasa ɗaya. Kwamitin iyaye na makaranta ya zaɓi yarinyar, bisa ƙwazonta da halinta, ba don 'yar wane ce ba. A kai maganar gaban mai unguwa ko dagaci, a yi ta a rubuce da shaidu. Masu cinikin shanu da raƙuma a kasuwar Maigatari ran Alhamis, ku matansu ku gaya musu, kuɗin ɗan maraƙi guda zai kai wata 'yar talaka nesa. Kuma a riƙa ba ta kuɗin wata-wata, kada a damƙa mata duka a farkon shekara, don gida akwai bukata, kunya kuwa ba za ta bar ta ta hana ba.

Ke kuma 'yar makaranta, in Allah ya sa aka zaɓe ki, alkawari kaya ne. Na san waɗanda aka yi wa ɗawainiya, da takarda ta zo hannu sai suka nemi a bar su a birni. Wadda ta yi haka ta rufe wa ƙannenta ƙofa, gama ba mai sāke zuba kuɗinsa. Maganar aure ma kada a ɓoye ta. Aure ba ya hana karatu, mun zauna aji ɗaya da matan aure, waɗansu da goyo. Amma a gaya wa manemi tun kafin a sa rana cewa akwai karatun shekara uku, akwai kuma aikin da aka yi alkawari, ya amsa a gaban waliyyai. Abin da ba a faɗa a zaure ba, da wuya a same shi a ɗaki.

Wadda ke da niyya bana ta fara tattara takardunta tun yanzu: sakamakon jarrabawar sakandare, da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, da ta haihuwa, da lambar katin ɗan ƙasa, da 'yan hotuna. Ta buɗe asusun banki da sunanta, ba na wa ko na miji ba. Ta kuma duba sunanta ya zama iri ɗaya a kowace takarda, gama in nan an rubuta Hauwa can kuma Hauwa'u, wannan kaɗai ya isa ya riƙe kuɗinta wata da watanni. Mai tambaya ta aiko da wasiƙa ta hannun Edita, za a amsa mata a wannan fili in Allah ya so.