Karatu a ƙasar waje: Tambayoyin da ya kamata iyaye a Batsari da Safana su yi kafin yaro ya hau jirgi

Duk wanda ke zaune a Batsari ko Safana a 'yan shekarun nan ya san ba a fita hanya da ka. Kafin ka shiga mota zuwa Katsina ko Dutsin-Ma, sai ka tambayi direbobin tasha yadda hanya ta kwana, ka auna lokaci kada magariba ta riske ka kusa da daji, sannan ka sanar da na gida motar da ka shiga. 'Yan bindigar dajin Rugu ne suka koya mana wannan darasi, kuma mun biya shi da tsada.

Sai dai abin mamaki, da zarar yaro ya samu gurbin karatu a ƙasar waje, wannan taka-tsantsan sai ya bi iska. A sayar da shanu ko a jinginar da gona, a yi walima, a raka shi filin jirgin Malam Aminu Kano, shi ke nan. Da wuya ka ji wani ya tambaya: idan al'amura suka lalace a can, ta ina zai dawo, kuma wa zai neme shi?

Fita neman ilimi alheri ne, kuma masu fita sai ƙaruwa suke yi. Gwamnatin Malam Dikko Umar Radda ta tura ɗalibai 41 Masar karatun likitanci, ta kuma tura wasu ƙasar Sin. Ga kuma waɗanda iyayensu ke ɗaukar nauyinsu zuwa Maraɗi, Kwatano, Indiya da sauran wurare. Ra'ayinmu shi ne, lafiyar wannan tafiya tun daga gida ake shirya ta.

Abin da Sudan ta koya mana

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum. Dubban 'yan Najeriya, akasarinsu ɗalibai daga Arewa, suka wayi gari cikin ruwan harsasai. Bankuna suka rufe, intanet na zuwa yana ɗaukewa, kuɗin da iyaye ke turawa ya kasa isa hannun 'ya'yansu. Waɗanda aka kwasa a motocin bas zuwa iyakar Masar sun shafe kwanaki a sahara suna jiran izinin shiga. Sai ranar 3 ga Mayu rukunin farko ya sauka a Abuja. Shekara guda kafin nan, a Fabrairun 2022, ɗalibanmu na Yukren sun sha irin wannan wahala a kan iyakokin Foland da Romaniya.

Ko maƙwabciyarmu Nijar ba ta tsira ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ta tsaya cik, kuma Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a Maris ɗin 2024. Ba wanda zai iya hana irin waɗannan fitintinu, amma ɗalibin da fasfo ɗinsa ke hannunsa, da ɗan kuɗi a aljihu, kuma ofishin jakadanci ya san da zamansa, ya fi saurin samun mafita.

A fara da binciken makarantar

Haɗarin farko shi ne a kashe dukiya a kan takardar da ba ta da amfani. A Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni shida. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, abin da ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah.

Saboda haka kafin a biya ko sisi, a tuntuɓi Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a ji ko ta amince da makarantar. Mai son likitanci ya sani cewa idan ya dawo sai ya ci jarrabawar hukumar MDCN kafin a ba shi lasisin aiki. A kuma guji dillalin da zai ce a zuba kuɗin makaranta a asusunsa. A biya makarantar kai tsaye, a karɓi rasit.

Takardu da kuɗi

Ɗalibi ya tabbata sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a NIN, fasfo da takardun makaranta, domin bambancin harafi ɗaya na iya jawo jinkirin watanni. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da wa'adinsa bai kai wata shida ba. Allurar rigakafin zazzaɓin shawara kuma sai ta yi kwana 10 kafin katinta ya fara aiki, don haka ba a ranar tafiya ake nemanta ba.

A ɗauki hoton kowace takarda a waya, a aje a imel, a kuma bar kwafi a gida wurin wanda ya iya karatu. Bayan an isa, kada a bar fasfo a hannun dillali ko mai gidan haya.

Batun kuɗi kuwa, a yi lissafi da dala. A farkon Yunin 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma, amma a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Uban da ya yi lissafin shekara huɗu da naira, kafin shekara ta zagayo lissafin ya rushe. A ware kuɗin tikitin dawowa daban, kada a taɓa su.

Saƙon da ba ka san cikinsa ba

A al'adarmu da nauyi maƙwabci ya kawo saƙo ka ce ba za ka kai ba. To, a nan dole a cire kunya. A Disambar 2018 an kama wata ɗaliba daga Kano a Saudiyya saboda ƙwayar tiramadol da aka samu a jakar da aka liƙa wa sunanta a filin jirgi ba da saninta ba. Sai da ta shafe wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta yi halinta. Ɗalibi ya haɗa kayansa da hannunsa, ya ƙirga jakunkunansa, ya adana takardar shaidar kaya da aka ba shi. Duk maganin da zai tafi da shi, ya haɗa da takardar likita.

Wa za a kira?

A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Batsari da Safana, aka yi watanni ba a jin juna. Ke nan yankewar sadarwa na iya zuwa daga ɓangarenmu ma. Ya kamata kowane ɗalibi ya haddace lambar wani ɗan'uwa a cikin Katsina ko Kano, su kuma iyaye su riƙe lambar abokin karatunsa, da ta ƙungiyar ɗaliban Najeriya ta can. A makon farko da isarsa ya je ofishin jakadancin Najeriya ya yi rajista.

Akwai kuma aikin hukuma. Hukumar bayar da tallafin karatu ta jiha ta san waɗanda gwamnati ta tura, amma ɗan Ruma ko Runka da mahaifinsa ya sayar da gona ya tura, wa ya san inda yake? Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Batsari da Safana su buɗe rajista kyauta a sashen ilimi: sunan ɗalibi, ƙasa, makaranta da lambar waliyyinsa. Littafi ɗaya da ma'aikaci ɗaya sun isa. Ranar da wata ƙasa ta rikice, da wannan littafin za a tunkari hukumar NIDCOM a ce ga 'ya'yanmu, ga inda suke.

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. Yadda muke tsayawa a tasha mu tambayi lafiyar hanyar Katsina, haka ya kamata mu tsaya mu tambayi ta Alƙahira kafin mu sallami yaro da addu'a.