Kwamfuta ba ta jin ƙara

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu 'yan makanikal da ke shirin fita, mu daina raina kunnen bakanike. Prado ko Lexus za ta taso daga Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni, duk ramin da ta faɗa sai ka ji ƙwas-ƙwas. Jona mata kwamfuta, ba abin da za ta nuna, don ciwon na ƙafa ne: bushin, boljoyin ko shokazoba. In kuwa ƙarar na bin totur, a duba inji da baƙin mai. Wanda bai iya rarrabewa ba, sai ya yi ta aika mai mota Ƙofar Ruwa sayen kayan banza, boljoyin kuma ya tsinke ana cikin gudu. Ni dai a ganina, difloma ba ta cika sai da zaman gareji.