Solar tafi-da-gidanka: lissafi ya kamata ya zo kafin ciniki

A Amurka da Australiya, masu motocin kwana da masu zuwa shaƙatawa a daji kan ɗora faifan sola a rufin mota don su samu wuta nesa da gari. A can nishaɗi ne. A 'Yandoto, Tsafe da ƙauyukan Bungudu kuwa, irin wannan kaya ya zama na buƙata. Direban da ke bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa, mai POS da ke zaga kasuwannin mako da manomin da ke wuni a gona duk sun dogara da waya, kuma a yankin da ake fama da matsalar tsaro, wayar da ta mutu na iya hana mutum jin gargaɗi a kan lokaci.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kunna janareta don cajin waya ya zama asara. A watan Oktoban 2024 kuma, yawancin jihohin Arewa sun shafe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Shi ya sa matasa suka koma ga sola, kuma sun yi daidai. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a wajen zaɓe.

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne fawa bank mai ɗan faifan sola a bayansa. Irin wannan faifai da ƙyar yake ba da wat 1 zuwa 2. Fawa bank mai 20,000mAh yana ɗaukar wutar da ta kai kusan wat-awa 74. Idan faifan na ba da wat 1, kuma ana samun awa 5 na rana mai ƙarfi a yini, sai an kwashe kusan mako biyu kafin ya cika. Ga shi kuma ajiye batirin lithium cikin zafin rana yana rage masa kwana.

Lissafin da ya dace mai sauƙi ne. Waya mai batirin 5,000mAh tana cin kusan wat-awa 19 kafin ta cika. Faifai mai naɗewa na wat 20 zai iya tara wat-awa 60 zuwa 70 a yini bayan an cire asara, wato cajin waya uku. Wanda ke son ƙara fitila da ƙaramar fanka sai ya nemi wat 50 zuwa 100, da batiri da na'urar daidaita caji. Batirin LiFePO4 ya fi tsada, amma yana jure caji sau dubbai, yayin da na gubar dalma ke saurin mutuwa idan ana shanye fiye da rabinsa. Caja ta USB kai tsaye ta fi a bi ta inbata, domin inbata tana cinye wani kaso na wutar.

Yanayin Zamfara ma yana da nasa sharaɗi. Ƙurar hunturu tana rufe faifai, don haka sai an riƙa goge shi. Zafin bazara yana rage ƙarfinsa, shi ya sa ake barin iska ta ratsa ƙarƙashinsa, batiri kuma a sa shi a inuwa.

Masu cewa kayan kirki sun fi ƙarfin aljihun matashi suna da gaskiyarsu. Sai dai wanda ya sayi na banza sau uku ya riga ya biya kuɗin na kirki. Abokai biyu ko uku da ke kasuwa ɗaya za su iya haɗa kuɗi su sayi faifai guda mai inganci. Kafin a biya, a sa mai shago ya gwada shi a rana da mita, a ga wat nawa yake bayarwa da gaske, domin abin da aka rubuta a kwali ba kullum yake zama gaskiya ba.