Sai An Yi Damben Dagaji Kafin A Ci Kambu?

Tun ranar da aka nuna maimaicin damben Anthony Joshua da Francis Ngannou a gidan kallon unguwarmu, gardama ta ƙi mutuwa a ajinmu. 'Yan bencin baya sun dage cewa duk mai ƙarfin damtse zai iya faɗawa damben boksin na kuɗi kai tsaye, wai gasar 'yan dagaji ɓata lokaci ce tunda lambar yabo kawai ake ba mutum. Mu 'yan kulob ɗin jarida ba mu yarda ba.

Babbar hujjarsu ita ce Ngannou, ɗan ƙasar Kamaru. A watan Oktoba na 2023 ya kara da Tyson Fury a birnin Riyad, kuma wannan ne dambensa na farko a boksin na ƙwararru. Ya kai Fury ƙasa a turmi na uku, duk da cewa alƙalai biyu cikin uku Fury suka ba nasara. Abin ya burge mu, ba ma musu. Amma Ngannou ba daga gona aka ɗauko shi ba, ya yi shekaru yana faɗa a UFC har ya zama zakara. Kuma me ya faru a watan Maris na 2024? Joshua ya kai shi ƙasa sau uku, wasa ya tashi a turmi na biyu.

Shi Joshua, wanda asalin iyayensa 'yan Najeriya ne, yana da shekara 18 ya fara koyon boksin a Ingila. Sai da ya bi gasar dagaji ɗaya bayan ɗaya, ya ci zinare a Olamfik ta Landan a 2012, sannan ya shiga damben kuɗi a 2013. A 2016 ya ɗauki kambun duniya.

Me ake koya a dagaji? Turmi uku ne kawai, kowanne minti uku, don haka babu lokacin jiran sa'a. Dole ka iya kare fuskarka, ka iya taka ƙafa, ka kai naushi ka kauce. A gasa ɗaya za ka haɗu da dogo yau, jibi gajere, wata rana bahago, kuma ba kai ke zaɓensu ba. In an buge ka, ka koma wurin mai koyar da kai ya gyara maka kuskure, babu miliyoyin da suka salwanta. Vasyl Lomachenko na Yukren ya yi irin wannan dambe kusan sau 400, sau ɗaya tak aka ci shi. Da ya koma na kuɗi, a dambensa na uku ya ci kambun duniya. Ko a gidan dambenmu na gargajiya ai yara ke buɗe fili kafin manya su fito, kuma daga cikinsu ake samun manyan gobe.

Gaskiya dai dagaji ba laya ba ce. Audley Harrison na Ingila ya ci zinare a 2000, amma har ya yi ritaya bai riƙe kambun duniya ba. Turmi goma sha biyu daban yake da turmi uku.

Abin da ya sa muka rubuta wannan shi ne naushe-naushen da ake yi a bayan aji lokacin tara, da hannu tsirara, ba alƙali. A makon jiya wani ɗan ajinmu ya koma gida da fasasshen leɓe, kuma har yanzu cewa yake atisaye yake yi. Muna roƙon Malamin Wasanni ya duba mana ko za a samu safar dambe ko da ƙafa biyu ce, da wanda zai riƙa koya wa masu sha'awa ranar wasanni.