JINYAR UWARGIDA BAYAN RITAYA: ƘASƘANCI NE KO ƊAUKAKA?

 

Ya ku 'yan'uwa, a wannan karon muna so mu taɓo wata magana wadda ba a cika jin ta a kan mumbari ba, alhali kuwa da wuya a sami unguwar da babu gidan da take ci a cikinsa. Maganar ita ce ta magidancin da ya aje aiki ya dawo gida da niyyar hutawa, sai ga uwargidansa ta kwanta ciwo mai tsawo. Mene ne ya kamace shi? Ra'ayinmu shi ne mazauninsa yana gefen shimfiɗarta, kuma a nan ne zai sami natsuwar da yake ta fafutukar nema a waje.

A ƙa'idar aikin gwamnati a Nijeriya, ma'aikaci yana ritaya ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Dokar 2022 ta ɗaga wa malaman makaranta zuwa shekara 65 ko shekara 40 na aiki, farfesoshin jami'a kuwa tun 2012 sai sun kai 70. Ke nan galibin mutane suna barin ofis da sauran ƙarfinsu da hankalinsu. Ita kuwa matar da aka auro tun ana ƙaramin akawu, a lokacin ta haura hamsin, ta sha haihuwa da goyo da hayaƙin murhu, ta shiga shekarun da hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙoda da shanyewar ɓarin jiki suke kawo farmaki. Sai abu biyu su haɗu a gida ɗaya: miji mai lokaci, da mata mai bukatar lokacin. Mumini ba ya kallon wannan haɗuwa a matsayin katari kawai.

Amma me muke gani? Da zarar ciwo ya wuce wata biyu ko uku, sai a fara cewa "gara a kai ta gida a yi mata magani." A ɗauki matar da ta shekara talatin a ɗakinta a mayar da ita gidan da iyayenta sun daɗe da rasuwa, a aje ta a hannun matar wanta ko ƙanwarta mai fama da nata ɗawainiyar. Shi kuwa Alhaji sai ya koma majalisa a gindin darbejiya, daga hantsi har la'asar ana musun siyasa, ko ya shiga zaryar ofisoshi yana neman kwangila ko wani ɗan muƙami da zai mayar masa da martabar da yake jin ta kuɓuce. Wani ma da kuɗin sallamarsa zai kai lefen amarya, uwargida tana can ba ta iya juya kanta. Idan kuwa aka sami mai tsoron Allah da ya zauna yana ba matarsa abinci a baki, yana wanke mata tufafi, to ya shiga bakin duniya: an shanye shi, mijin tace ne, ritaya ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Subhanallahi! A wane littafi muka karanta wannan?

Mu koma ga tarihin da muke tinƙaho da shi. A watan Ramadan na shekara ta 2 bayan Hijira, daidai da 624 Miladiyya, Musulmi ɗari uku da 'yan kai suka fita zuwa Badar. Babu ranar da aka fi bukatar kowane namiji guda kamar wannan rana. Duk da haka Sayyidina Usmanu ɗan Affan (RA) bai fita ba, domin matarsa Nana Ruƙayya (RA), 'yar Manzon Allah (SAW), tana kwance ba lafiya, kuma Manzon Allah (SAW) da kansa ya bar shi a Madina ya yi jinyarta. Sa'annan ya tabbatar masa da ladan wanda ya halarci yaƙin, ya kuma ba shi kasonsa na ganima. A cikin wannan ciwo ta rasu, a daidai lokacin da bisharar nasara take isowa Madina. Bayan shekaru, wani mutumin Masar ya zo wa Abdullahi ɗan Umar (RA) yana so ya aibata Usmanu da rashin zuwa Badar, Ibnu Umar ya warware masa dalili ya sallame shi. Imamul Buhari ya kawo wannan ƙissa a cikin Sahihinsa.

To, ya kai ɗan'uwa mai karatu, ka tsaya ka auna. Madina cike take da mata masu iya jinya, ga 'yan'uwan Ruƙayya na jini. Ba a ce su wadatar ba, mijin aka zaunar. Idan jinyar mata ta isa ta tsayar da mutum kamar Usmanu daga sahun Badar ba tare da ladansa ya ragu ba, wace majalisa ce, wane taron siyasa ne, wace kwangila ce za ta fi ƙarfin wannan aiki? Ga kuma shaidar Uwar Muminai A'isha (RA) cewa Manzon Allah (SAW) idan yana gida hidimar iyalinsa yake yi, sai lokacin salla ya yi ya fita, kuma yana ɗinke tufarsa da takalminsa da hannunsa. Wanda ya ce aikin gida yana zubar da girman namiji, to ya san da wa yake jayayya.

Mun san akwai masu kafa hujja da fiƙihu. Suna cewa malaman mazhabobi sun tafi a kan cewa kuɗin magani da ladan likita ba su cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji. Gaskiya ne wannan magana tana cikin littattafai, kuma ita ce ta mafi yawan magabata. Sai dai sun faɗe ta ne a zamanin da magani bai zama lalura kamar ci da sha ba. Ko a cikin Malikiyya an ruwaito daga Ibnu Abdil Hakam cewa miji ne zai biya. Shaihu Wahba Az-Zuhaili, malamin Siriya da ya rasu a 2015, ya rinjayar da wajabcinsa a wannan zamani, kuma dokar iyali ta ƙasar Maroko ta 2004, ƙasar da take kan mazhabar Maliku kamar mu, ta sanya magani a cikin ciyarwa ƙarara. Bayan wannan duka, wancan hukunci magana ce ta abin da alƙali zai iya tilasta wa mutum a kotu. Aya ta 21 a Suratur Rum ba a kan kotu ta gina aure ba, a kan natsuwa da soyayya da jinƙai ta gina shi. Soyayyar ƙuruciya kowa ya iya ta. Jinƙan kuwa sai ranar da ƙafa ta kasa ɗaukar jiki ake gane mai shi.

Wasu kuma suna cewa mace ta fi sakewa a hannun mata 'yan'uwanta. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma idan ita ce da bakinta ta zaɓi haka, sai a mutunta zaɓinta, mijin kuma ya bi ta can da jikinsa da aljihunsa. Amma kada mu manta, a duk duniya babu wanda shari'a ta ɗauke shamakin al'aura tsakaninsa da ita gaba ɗaya sai mijinta. Wanka da tsarki da canjin tufafi, waɗanda su ne suka fi yi wa majinyaci nauyi a rai, shi ne ya fi kowa cancantar yi mata su ba tare da ta ji ta tozarta ba.

Yanzu sai mu zo kan ribar da shi mijin zai samu, domin ba ita kaɗai ce mai bukata ba. Ciwon da ya fi cin tsofaffin ma'aikata shi ne jin cewa an daina bukatarsu. Motar ofis ta tafi, masinja ya tafi, masu zuwa gaisuwar salla sun koma ƙofar wanda ya gaje shi. Mutumin da ya saba a jira sa hannunsa ya wayi gari ba mai jiran komai daga gare shi. To ga wadda take jiransa da gaske, ba don muƙami ba. Yininsa zai sake samun tsari: maganin safe bayan asuba, karin kumallo, motsa mata gaɓoɓi, alwala, salla, karatun Alƙur'ani a kusa da kunnenta, hira bayan isha'i. Da yawa daga cikin magidanta sun shekara talatin suna fita da duku-duku suna dawowa a gajiye, ba su taɓa zama sun ji tarihin matansu daga bakinsu ba. Wannan zama shi ne damar biyan wancan bashi tun kafin a kai ga ranar da ba a biya da kuɗi.

Sai dai kyakkyawar niyya ba ta wadatarwa sai da sani. Wanda ya iya riƙe fayil ɗin gwamnati zai iya riƙe littafi guda ya rubuta sunan kowane magani da lokacinsa da ranar komawa asibiti. Ya sani cewa maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi, kuma awon da ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama da haka abin kai wa likita ne. Majinyacin da ba ya iya motsi ana juya shi kamar bayan kowace awa biyu, don gudun gyambon kwanciya. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye a zaune ake ba shi abinci, kaɗan-kaɗan, saboda ƙwarewa. Mai ciwon suga a riƙa duba ƙafafunsa kullum. Addu'a da ruƙya ta shari'a ba su kore zuwa asibiti ba, amma a yi nesa da bokaye da masu cewa kishiya ce ta yi jifa, domin sun raba gidaje da yawa, sun kuma cinye kuɗin magani. Haka nan ya koyi hukuncin sallar mara lafiya: a tsaye, in ta kasa a zaune, in ta kasa a kishingiɗe, da taimama idan ruwa zai cutar. Mata nawa ne suka bar salla watanni a kan gadon ciwo saboda ba a sami mai tuna musu da sauƙin da Allah Ya yi ba?

Ba muna cewa dattijo ya ɗauki kayan shi kaɗai har ya faɗi ba. Jinya tana da gajiya da rashin barci da ƙuncin rai, kuma jikinsa yana da hakki a kansa. 'Ya'ya su sani cewa turo kuɗi daga Abuja ko Legas bai sauke musu nauyin uwa ba. A raba kwanaki, a zo a karɓi mahaifi ya huta, ya je jam'i, ya ga abokansa. Mai mata fiye da ɗaya ya kiyaye adalcin kwana, ya nemi yardar sauran idan lalura ta sa ya daɗe a ɗaki guda, kada kuma ya mayar da jinyar dole a kan abokiyar zama. Abin da ta yi alheri ne, sai a gode mata. Masu sauran shekaru a bakin aiki kuma su yi tanadi tun yanzu. Dokar fansho ta 2014, wadda ta maye gurbin ta 2004, ta sa ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki kashi 10, amma kowa ya san abin da ake karɓa a wata da wuya ya ɗauki doguwar jinya.

Ba za mu rufe ba sai mun jinjina wa iyayenmu mata, waɗanda tun fil azal suke jinyar mazajensu shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa kiran abin da suke yi abin mamaki. Abin da muke nema ga maza bai wuce su rama kwatankwacinsa ba.

Daga ƙarshe muna kira ga rassanmu da limamanmu da 'yan agaji: a san gidajen da ake jinya a kowace unguwa, a kai ziyara, a taimaka da mota ranar asibiti, a kuma fito da wannan magana a wa'azi har mai yi wa irin waɗannan bayin Allah dariya ya ji kunya. Gyaran al'umma da muke kira gare shi, idan bai shiga ɗakin majinyaciya ba, to bai shiga gida ba tukuna.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinya haƙuri da lada, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.